Takardar Sakamako a Cikin Ambulan: Me Ya Hana Jami'o'inmu Musayar Bayanan Ɗalibai ta Intanet?

Shugaban zama, magatakardan jami'o'i, daraktocin sashen fasahar sadarwa, malamai da ɗalibai. Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Sakamakon karatun ɗalibi nasa ne, jami'a ajiya aka ba ta. Tunda kuwa ajiya ce, wajibi ne ta isa inda mai ita ya ce a kai ta, a lokacin da ya nema, kuma ta hanyar da mai karɓa zai gaskata ba tare da ya sake aiko da wasiƙar tambaya ba. A yau jami'o'in Najeriya sun haura 270, amma babu wata kafa guda da jami'ar Alƙahira ko ta Manchesta ko ta Yamai za ta bi ta ɗauki sakamakon ɗalibinmu da izininsa, haka mu ma ba mu da inda za mu karɓi nasu. Kowace jami'a da tata hanyar, da nata kuɗin, da nata ɗan kwangilar. Wannan ne ƙorafin da na kawo.

Yawan mutanen da abin ya shafa ya wuce yadda hukumomi ke ɗaukarsa. Alƙaluman UNESCO sun nuna cewa ɗaliban da ke karatu a wajen ƙasashensu sun tashi daga kimanin miliyan 2 a shekarar 2000 zuwa sama da miliyan 6 a farkon shekarun 2020. A Birtaniya kaɗai, 'yan Najeriya da ke manyan makarantu sun kai 44,195 a zangon 2021/22, suka haura zuwa 72,355 a zangon da ya biyo baya. A Amurka an ƙirga 17,640 a 2022/23, sannan 20,029 a 2023/24, zangon da Najeriya ta kasance ta bakwai a jerin ƙasashen da ke tura ɗalibai can. Kaso mai yawa na waɗannan digiri na biyu ko na uku suka je yi. Ma'ana kowannensu sai da ya koma jami'ar da ya gama ya nemi takardar sakamako. Ban ma sa waɗanda ke Masar da Saudiyya da Malesiya da Indiya da Sudan da Nijar a lissafi ba, alhali nan ne 'ya'yan Arewa suka fi nufa, da kuɗin iyaye ko da tallafin gwamnatocin jihohi.

Duk wanda ya zauna a ofishin magatakarda ya san hanyar da takardar ke bi, amma bari in bi ta a gabanku, domin a taro irin wannan an fi son a yi maganar manhaja a tsallake kabad. Ɗalibi zai biya kuɗi, wani lokaci ta intanet, har a ba shi lambar shaidar biya. Daga nan aikin ya sauka daga kwamfuta ya koma ƙafa. Masinja zai ɗauki takarda zuwa tsangaya, tsangaya ta tura sashe, sashe ya nemi jami'in jarrabawa. Jami'in da ya riƙe ajin ya tafi ƙaro ilimi ko ya yi ritaya, wanda ya gaje shi bai san inda aka ajiye manyan takardun maki na wannan shekarar ba. Idan an dace an same su a kabad, sai a tarar da wani kwas da ɗalibin ya sake rubutawa a aji uku ba a shigar da sabon makinsa ba, ko kuma gara ta cinye gefen shafin da sunansa yake. Sai a koma laluben kundin zaman majalisar malamai da ta amince da sakamakon. Bayan an haɗa, a buga, a kai wa shugaban sashe ya sa hannu, a mayar wa magatakarda ya buga hatimi, a rufe ambulan, a sake buga hatimi a bakinsa, a miƙa wa kamfanin aika saƙo. Can kuma idan ta isa, jami'ar da ta karɓa ko hukumar tantancewa irin su WES za ta aiko da imel tana tambaya ko da gaske daga gare mu ta fito. Imel ɗin zai faɗa akwatin da babu mai buɗewa. Ranar rufe karɓar takardu ta wuce, gurbin ya tafi, tallafin ya tafi, yaron da ya fita da digiri mai daraja ta ɗaya ya zauna jiran wata shekara.

Ma'aikatan da ke wannan aiki ba su ne abin zargi ba. Na san da yawansu da ke zama har bayan la'asar suna jan fayil cikin ƙura. Tsarin ne ya ɗora makomar mutum a kan ko wani ya zo ofis yau. A 2022 ASUU ta yi yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, SSANU da NASU su ma suka ajiye aiki na tsawon watanni a cikin shekarar. An yi ta lissafin ɗaliban da ke aji da suka rasa shekara. Waɗanda suka riga suka gama, suna riƙe da takardar ba da gurbi daga waje amma ofishin da zai fitar musu da sakamako na kulle, babu wanda ya ƙirga su.

Wasu ƙasashe sun daɗe da wuce nan. A watan Afrilun 2012 aka sa hannu a kan Sanarwar Groningen a ƙasar Holan, inda cibiyoyin ajiye bayanan ɗalibai na ƙasashe daban-daban suka amince cewa ɗalibi ya samu ikon tura bayanan karatunsa ga wanda ya ga dama, a duk inda yake. Amurka tana da National Student Clearinghouse tun 1993. Sin tana da rumbu guda na ƙasa, CHSI, wanda jami'o'in duniya ke dubawa kafin su karɓi ɗalibinta. Ostireliya da Niyuzilan sun haɗu sun buɗe My eQuals a 2017, Kanada ta biyo da MyCreds a 2020, Indiya kuma, mai yawan jama'a da yawan makarantu fiye da namu nesa ba kusa ba, ta sa takardun karatu a cikin DigiLocker. A Turai shirin Erasmus da aka fara a 1987 ya ɗauki shekaru yana tafiya da takarda, har aka fara aikin Erasmus Without Paper a 2015, aka ƙaddamar da hanyar sadarwarsa a ƙarshen 2018, domin rumbunan jami'o'i su riƙa magana da juna kai tsaye.

Wanda na fi so mu duba da kyau shi ne EMREX, saboda shi ya fi dacewa da halinmu. An fara shi a 2015 tsakanin Norway da Suwidin da Finland da Denmark da Italiya, Poland ma ta shigo. Ga yadda yake aiki. Ɗaliba tana cike takardar neman gurbi a shafin jami'ar da take son shiga. Da ta zo wurin sakamako, sai ta zaɓi ƙasar da ta yi karatu. Shafin zai kai ta ƙofar rumbun ƙasarta, ta shiga da lambarta ta sirri, ta ga kwasa-kwasanta da makinta, ta zaɓi abin da take so a tura, ta amince. Nan take bayanan za su wuce zuwa jami'ar da ke nema, a tsari guda da ake kira ELMO, ɗauke da sa hannun na'ura wanda ke tabbatar da inda suka fito da kuma cewa ba a taɓa su a hanya ba. Ita ba ta iya sauya ko maki ɗaya, jami'ar da ta karɓa kuma ba ta da dalilin sake tambaya. Babu wani babban rumbu na duniya da aka tara bayanan kowa a ciki. Kowace ƙasa tana riƙe da nata, ƙofa kawai aka buɗe, kuma mabuɗin yana hannun ɗalibar.

Abin da ya sa hakan ya yiwu a can shi ne sun gyara cikin gida tukuna. Jami'o'in Suwidin suna amfani da tsarin rajista guda mai suna Ladok, wanda su da kansu suka mallake shi a haɗe. Norway tana da FS, jami'o'in Poland da dama suna kan USOS. Sannan tun Sanarwar Bolonya ta 1999 suka daidaita ma'aunin nauyin kwas, maki 60 na ECTS a shekarar karatu guda. Ina jaddada maganar mallaka domin ita ce muke kaucewa. A nan, jami'a takan ba wa kamfani kwangilar shafinta, shugaba ya sauka, sabo ya zo da nasa kamfanin, tsohon ya tafi da bayanan shekaru a hannunsa ko ya bar su a tsarin da sabon ba ya iya karantawa. Na ga jami'ar da sai da ta koma kan takarda ta sake shigar da sakamakon da aka riga aka shigar a kwamfuta, saboda rabuwa da ɗan kwangila ba ta yi daɗi ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ɓata mini rai, wato yadda hukumominmu ke kallon lamarin. Ba sa tuna shi sai an yi abin kunya. A ƙarshen Disamban 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken wakilinta Umar Audu, wanda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, da takardar sakamako mai nuna cewa ya yi shekaru yana karatu, ba tare da ya zauna aji ko sau ɗaya ba. Da wannan takarda ya wuce tantancewa, har aka tura shi bautar ƙasa, alhali ya taɓa yi a baya. Ranar 2 ga Janairun 2024 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo baki ɗaya. A watan Agusta ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya sanar da cewa sama da mutum 22,000 ne ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu tsakanin 2019 da 2023, kuma jami'o'i takwas kacal gwamnati ta amince da su, biyar a Benin, uku a Togo.

Mu tsaya a kan wannan adadi. Mutum 22,000 ba ta daji suka bi ba. Ta ofisoshi suka bi, aka duba takardunsu da ido, aka buga musu hatimi. Idon jami'i ba ya iya bambanta takardar da aka buga jiya aka sa mata kwanan watan shekara huɗu baya da wadda aka yi wa wahala. Za a ce mini ai makarantar ce da kanta ta sayar, don haka ko ta intanet ta turo, ƙaryar ce za ta iso. Haka ne, idan sai ranar kammalawa ake neman bayani. Amma da a ce duk ɗan Najeriyar da ya shiga wata jami'a a waje ana shigar da rajistarsa a zangon farko, a kuma riƙa ƙara sakamakon kowane zango a lokacinsa, ɗauke da kwanan watan da na'ura ta sa wanda ba a iya mayarwa baya, da digirin mako shida bai samu wurin tsayawa ba. Mai son ya saya sai ya jira shekara huɗu yana biya, makarantar kuma ta yi ta yin ƙarya a rubuce zango bayan zango a inda za a iya kama ta. Maimakon haka sai aka rufe ƙofa ga kowa. Yaron da ya zauna aji da gaske ya sha hukuncin wanda bai taɓa tsallaka iyaka ba, domin gwamnati ba ta da hanyar raba su.

Cikin gida ma labarin ɗaya ne. JAMB ta bayyana a 2021 cewa manyan makarantu sun ɗauki ɗalibai sama da 700,000 ta bayan fage tsakanin 2017 da 2020, ba tare da sun bi ta CAPS, tsarinta na ɗaukar ɗalibai, ba. Ta kuma ce ta gano takardun bogi 1,665 a cikin masu neman shiga aji biyu kai tsaye a 2023. Duk lokacin da irin wannan labari ya fita, jami'in ɗaukar ɗalibai a Toronto ko Kwala Lamfur yana karantawa, kuma abin da zai yi shi ne ya ƙara wa duk takardar da ta fito daga Najeriya wani matakin bincike. Kuɗin wannan bincike da jinkirinsa a kan mai gaskiya suke sauka. A 2025 an sanar da shirin NERD na rumbun bayanan karatu na ƙasa, har aka ɗaure shi da zuwa bautar ƙasa. Ina maraba da duk wani rumbu na ƙasa. Sai dai abin da aka fi yayatawa a kansa shi ne kama masu jabu, ni kuma tambayata ita ce ranar da ɗaliba a Gusau za ta danna waya sakamakonta ya isa Istambul.

Sai maganar Sudan, wadda ta taɓa gidaje da yawa a Kano da Katsina da Sakkwato da Jigawa da Borno. Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023. An kwaso 'yan Najeriya sama da 2,000, yawancinsu ɗalibai, wasu ta kan iyakar Masar, wasu ta Port Sudan. Da yawa daga Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa suke, wasu suna ajin ƙarshe a fannin likitanci ko harhaɗa magunguna. Wanda ke gudun harsashi ba ya tsayawa neman takardar sakamako, ofishin da zai ba shi ma babu kowa a ciki. Suka dawo gida aka yi musu alkawarin gurbi a jami'o'inmu, JAMB ta fitar da ƙa'idoji, amma jami'ar da za ta karɓi ɗan aji biyar dole ta ga abin da ya yi a aji ɗaya zuwa huɗu, kuma tana da gaskiya. Wanda ya yi sa'a yana da hoton sakamakon wani zango a wayarsa. Da jihohin da ke biyan kuɗin karatun waɗannan yara sun sa sharaɗin cewa kowane zango jami'ar ta turo sakamako zuwa wani rumbu a gida, da shekarun da suka yi ba su dogara da ginin da ke tsakiyar fagen daga ba. Shekara guda kafin nan, a Fabrairun 2022, mun ga irin wannan da ɗalibanmu na Yukiren. Darasi biyu a cikin wata goma sha huɗu, kuma har yau hukumomin ba da tallafin karatu suna karɓar kwafin takarda ne a cikin fayil.

Saboda haka nake ganin kuskure ne mu fara da hangen Turai. Maraɗi ta fi kusa da Katsina a kan Kano. 'Ya'yanmu suna karatu a Maraɗi da Yamai da Jami'ar Musulunci ta Say, 'ya'yan Damagaram da Tawa suna Zariya da Kano da Sakkwato. Jami'o'in Nijar suna kan tsarin digiri na LMD, makinsu a kan 20, suna ƙarƙashin hukumar CAMES da aka kafa a Yamai a 1968. Mu muna lissafi a kan 5. Wanda ya fito daga Masar ko Sudan kuma takardarsa na cewa mumtaz ko jayyid jiddan. Kowace tsangaya tana yin nata ƙiyasin, har a ba wa mutum biyu masu sakamako iri ɗaya matsayi daban. Ga kuma rikicin suna, wanda duk magatakarda a Arewa ya sani. Mutum ɗaya ne Muhammad a takardar sakandare, Mohammed a fasfo, Mahamadou a takardar Yamai, wani wurin an sa sunan garinsu a matsayin sunan mahaifi. Na'ura ba za ta gane shi ba sai da lamba guda da ke bin sa ko'ina. Yarjejeniyar Addis Ababa ta 2014 a kan amincewa da takardun karatu a Afirka ta fara aiki a Disamban 2019, ta duniya da UNESCO ta zartar a 2019 ta fara aiki a Maris 2023. Yarjejeniya tana cewa a amince da takarda, amma ba ita ke kai takardar ba. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, sai dai ɗalibai ba su daina tsallakawa ba, kuma jami'a da jami'a suna iya ƙulla musayar sakamako ko 'yan siyasa suna gaisawa ko ba sa yi.

Abin takaicin shi ne kayan aikin suna nan a warwatse. JAMB tana da CAPS tun 2017, kuma tun 2021 ba a rajistar jarrabawarta sai da lambar NIN, ke nan lambar da za ta bi ɗalibi ta samu. WAEC ta buɗe shafin takardar shaida ta intanet a Oktoban 2022, wanda ya ɗauko tun daga sakamakon 1999. NgREN tana nan tun 2014 don haɗa jami'o'i. Manhajar karatu ta CCMAS da NUC ta fitar a Disamban 2022 ta daidaita kashi 70 cikin 100 na kwasa-kwasai a faɗin ƙasa, da lambobinsu da nauyinsu. Dokar Kare Bayanai ta 2023, a sashe na 34, ta ba mutum haƙƙin karɓar kwafin bayanansa a tsarin na'ura, sashe na 41 zuwa 43 kuma sun shimfiɗa sharuɗɗan fitar da bayanai zuwa waje. Masu cewa doka ce ta hana su ba su karanta ta ba.

Za a kawo maganar wutar lantarki da tsada da masu kutse. Jami'ar da ke iya karɓar kuɗin makaranta ta intanet ba tare da wuta ta hana ta ba, tana iya fitar da sakamako ta nan. Tsaro kuwa aiki ne na ƙwararru, kuma muna da su a wannan zaure. Dalilin da ba a faɗa a fili shi ne kuɗin shiga. Takardar sakamako ta zama hanyar samun kuɗi, ana tsuga wa mai turawa waje fiye da mai turawa gida, kuma duk jami'ar da mutum ya nema sai ya sake biya. Na san halin da jami'o'i ke ciki na ƙarancin kuɗi, ina cikinsa. Amma a sa kuɗin sau ɗaya a cikin na kammalawa, kowa ya san ya biya, a daina sayar wa mutum guminsa duk lokacin da ya buƙace shi.

Abin da nake nema daga wannan taro ba ya buƙatar sabuwar doka ko sabuwar hukuma. NUC ta fitar da tsari guda na rubuta sakamako a na'ura, wanda zai iya magana da ELMO, ta kuma sa shi cikin sharuɗɗan tantance kwasa-kwasai, domin abin da ke cikin takardar tantancewa shi kaɗai shugabannin jami'o'i ke yi da gaggawa. Kwamitin shugabannin jami'o'i da ƙungiyar magatakarda su mallaki ƙofar musayar, kada a miƙa ta ga kamfani. TETFund ta ware kuɗin kwashe tsofaffin takardun maki zuwa kwamfuta, a fara daga shekarun baya-bayan nan a riƙa ja baya, tunda masu neman gurbi yanzu su ne suka fi matsuwa. Duk sakamakon da majalisar malamai ta amince da shi ya shiga rumbu kafin a buɗe zango na gaba. Hukumomin tallafin karatu na jihohi kuma kada su sake sa hannu da wata jami'ar waje sai da sharaɗin turo sakamako kowane zango. Gwajin farko bai kamata ya jira Abuja ba. Jami'o'i biyu ko uku daga Kano da Katsina da Sakkwato, da takwarorinsu na Maraɗi da Yamai, sun isa a fara, kuma magatakardan wasu daga cikinsu suna zaune a nan. Ina roƙon shugaban zama ya sa wannan a cikin takardar bayan taro, da sunan ofishin da zai kira zaman farko da kuma watan da za a yi shi.